Mai Ƙofa Ya Murɗa Sukuru

Shekara talatin da huɗu ya yi a garejin manyan bas-bas na gari, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kwance injin ba, bai taɓa gyara birki ba. Ƙofa kawai. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, in takarda ta zo daga ofis sai an tsaya ana tambayar wane ne wannan. Mai Ƙofa kowa ya sani, daga manaja har mai shara.

Ƙofar bas iska ce ke buɗe ta, iska ke rufe ta. A samanta akwai silinda a ɓoye, bututun ƙarfe ne mai fistin a ciki. In aka tura iska ta gefe guda sai fistin ya zura, ƙofa ta biyo shi. In aka bar ta da halinta, rufuwa take kamar mari. Aikin Mai Ƙofa shi ne koya mata ladabi. Akwai wani ɗan sukuru a bakin hanyar da tsohuwar iska ke fita daga silinda. Ka matse shi kaɗan, iskar ta riƙa fita a hankali, sai ƙofa ta taho tana ajiyar zuciya, ta rufu ba tare da ta tsorata kowa ba. Kowane bakanike ya san da sukurun nan, amma ba kowa ke da kunnensa ba. Shi kuwa in ya gama saiti, burodin karin kumallonsa yake sakawa a bakin ƙofa. In burodi ya fito da lotsawa, aiki bai yi ba, a sake. Abokan aikinsa sun sha cewa a duniya ba wanda ya kai shi cin matsattsen burodi.

Da ya yi ritaya sai gida ya shiga uku. Mai hali ba ya fasa halinsa. Cikin wata guda ya bi ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya yana saka musu sifirin da roba, har ƙofar firji bai bari ba. Matarsa, wadda shekara da shekaru in ranta ya ɓaci ƙofar kicin take bugowa a san ta yi fushi, ta wayi gari ta rasa abin bugawa. Ta wurgo ƙofa da ƙarfi, ƙofa ta taho a natse, ta rufu shiru.

“Malam,” ta ce, “ka bar min ko guda ɗaya mana. Yanzu in na yi fushi ta ina za ka sani?”

“Sai ki faɗa min da baki,” in ji shi, kuma har cikin ransa ya ɗauka ya kawo mafita.

'Ya'yansu huɗu, uku sun yi aure sun watse, saura Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun injiniya. Yana alfahari da ita ba kaɗan ba, amma akwai abin da ke cinsa a rai bai taɓa faɗa ba: tun da ta fara karatun nan ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Littattafanta cike suke da zanen bawul da silinda, abubuwan da ya kwana ya tashi da su, amma sai ta wuce shi a tsakar gida ta je ta tambayi waya.

Ran nan sai ga ta da ƙawarta sun shigo da kwalaye. Ƙawar doguwa ce mai gilashin ido, kowa Tabarau yake ce mata, ita ce mai rubuta wa inji umarni a kwamfuta. Sun shiga gasar mutum-mutumi ta ɗalibai, ɗakin gwajin makaranta ya cika, suna neman aron sitonsa na bayan gida inda yake ajiye kayan aiki. Ya ba su makulli kafin su rufe baki.

Mutum-mutumin nasu ba shi da kai ba shi da ƙafa. Wani akwati ne mai taya huɗu, da ɗan tankin iska, da hannu guda mai ludayi a baki. Aikinsa ya ɗauki ƙwallo ya cilla ta cikin kwando mai nisan taku bakwai, ya yi ta yi har minti biyu su cika. Wanda ya fi zurawa shi ya ci. Abin da ke ɗaga hannun kuwa, da Mai Ƙofa ya leƙa, sai ya ga tsohon abokinsa: silinda, da tiyo, da ɗan sukurun nan a bakin hanyar fita, an kwance shi har ƙarshe.

Tabarau ta danna maɓalli. Hannu ya tashi, fau! Ƙwallo ta tafi ta faɗi taku guda kafin kwando.

“Ya yi sanyi,” in ji Auta. “So muke ya ninka haka sauri.”

Mai Ƙofa bai ji ƙarshen maganar ba. Abin da ya gani shi ne hannun 'yarsa, wanda ta janye daga cikin ludayin ƙiftawar ido kafin ƙarfen ya tashi, don a lokacin gwaji da hannu take ɗora ƙwallon.

“Wannan abu ba shi da tarbiyya,” ya ce.

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake.

Washegari da hantsi suka tafi lacca. Auta ta ce, “Baba, ga shi nan, ka sa mana ido, kada kaji su shiga.” Ya sa ido kuwa. Ya zagaya shi sau uku hannu a baya. Ya zauna, ya tashi. Ya ce wa kansa kallo kawai yake. Can sai ya ga sukundireba a hannunsa, shi kansa bai san lokacin da ta hau ba. Murɗi ɗaya, ya ce ai ba za a gane ba. Ya ƙara ɗaya don zuciyarsa ta kwanta. Ya ƙara rabi saboda sabo. Ya goge wurin da tsumma, ya fito yana fito.

Kwana uku 'yan matan nan suna neman ciwon da ya kama injinsu. Ƙwallon da a da take kusan kaiwa, yanzu gangarowa take ta faɗi a gaban taya. Auta ta ce lissafin Tabarau ne ya karkace. Tabarau ta ce tiyon Auta ne ke yoyo. Suka shafe kowace mahaɗa da ruwan sabulu, ba kumfa. Suka sauya batir. Suka kai ga ba sa gaisawa sai ta kan kwamfuta. Ba wadda ta duba sukurun, don kowacce ta san da hannunta aka kwance shi. Mai Ƙofa kuwa ya sha jinin jikinsa, ya koma wanke-wanke ba wanda ya sa shi, matarsa tana binsa da kallo.

A rana ta uku da la'asar Auta ta ce wa Tabarau ta kashe fanka, ta danna, su yi shiru. Hannu ya tashi a natse, iska ta fita, fsssss, doguwa mai laushi. Auta ta tsaya cak. Tun tana ƴar shekara biyar ake kai ta gareji ranar hutu, tana zama a kujerar gaba tana jin ƙofofi suna wannan numfashi.

“Na san muryar nan,” ta ce. Ta leƙa taga. “Baba!”

Ya zo da kumfa a hannu.

“Murɗi nawa?”

Ya dubi rufi. Ya dubi ƙasa. “Biyu,” ya ce. “Da rabi.”

Tabarau ta cire gilashinta ta zauna a kan bokiti tana dariya har da hawaye. Auta ba ta yi dariya ba.

“Kwana uku, Baba. Saura kwana tara gasa. Na kusa ɓatawa da ƙawata. Amana na ba ka.”

Kalmar amanar nan ita ta soke shi. Ya goge hannu a jikin riga, ya faɗi abin da ko matarsa sau ɗaya ta taɓa jinsa. A shekararsa ta biyu a gareji direbobi suka dame shi cewa ƙofofi na ɓata musu lokaci a tasha, shi kuma da ƙuruciya ya buɗe musu sukuru. Sati bai cika ba ƙofar wata bas ta kama hannun wani dattijo, ta karya masa yatsu biyu. Tela ne. Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ma ya san wa ya yi saitin, amma shi ya sani.

“Da na ga hannunki a cikin ludayin nan,” ya ce, “telan na gani. Tsoro ne ya kama ni, Auta, ba raini ba.”

Ta ji tausayinsa, ya gani a fuskarta, amma tausayi daban, yarda daban.

“Da ka faɗa min, da na riƙa ɗora ƙwallon da sanda,” ta ce. “Daga yau zan yi haka. Amma kai ma daga yau, bakin ƙofa ne iyakarka.”

Ta sayo sabon kwaɗo ta datse masa sitonsa. Ta kwance sukurun, ta ɗiga masa jan farce don a gane in an taɓa. Kullum da safe, kafin ta gaishe da kowa, sai ta sunkuya ta duba ɗigon nan, kuma a gabansa take dubawa. Matarsa ta ce alhakin ƙofar kicin ɗinta ne ya kama shi. Yana dariya da baki, amma duk safiyar da Auta ta sunkuya kan ɗigon nan sai ya ji kamar an zare masa wani abu a ƙirji. Bai damu da gasa ba. Abin da yake so shi ne ranar da 'yarsa za ta bar shi da injinta ta juya baya.

To sukuru ya koma yadda yake, ciwo na asali ya dawo: ƙwallo ba ta kai kwando. Ƙara ƙarfin iska kuwa ba hali, don dokar gasa ta yanke iyaka, alƙalai da ma'auni suke zuwa. Mai Ƙofa yana zaune a kan benci a tsakar gida yana jin kowane harbi ta bango, kuma kunnensa ya riga ya gaya masa inda gizo ke saƙar. Sai dai wanda aka kora ba ya ba da shawara. Don haka da safe, ana shan shayi, sai ya gyara murya.

“Na taɓa ba ku labarin lamba goma sha huɗu?”

“Sau ɗari,” in ji matarsa.

“Ba ke nake ba. Lamba goma sha huɗu ita ce bas mafi rashin mutunci da na taɓa gani. Ta ciji sufeto. Ta cinye lema ba adadi. Jakar wata budurwa ta taɓa kamawa, ta tafi da ita tasha biyu, budurwar ta biyo ta har gareji tana zagina.”

“Kuma ka cancanta,” in ji matarsa. “Sabuwar jakata ce.”

“Kun san me ya sa take haka? Kowa ya ce iskar da ke shiga ce ta yi yawa. Ƙarya ne. Ita silinda ba shiga ce ke damunta ba, fita ce. Sabuwar iska na turo fistin, tsohuwa na gabansa ta tare hanya, sai ta bi dogon tiyo ta koma bawul ta fita ta salansa. Kamar fasinja ne, in masu sauka ba su sauka ba, masu hawa sai su jira. To ita goma sha huɗu, wani ya saka mata wani ɗan bawul a bakin silinda, wanda ke zubar da tsohuwar iska nan take, ba ta bin tiyo. Ga tiyonta gajere, mai faɗi. Ga tanki manne da bawul. Sati biyu na yi ina raba ta da waɗannan munanan halaye.” Ya kurɓi shayi. “Ni dai labari nake.”

Auta ba ta ɗago kai ba, amma ya ga babban yatsanta yana gudu a kan waya a ƙarƙashin tebur.

Da hantsi ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tsofaffin kayan da ya cire daga ƙofofi masu cizo, waɗanda gareji ya zubar shi kuma ya tsince, ya rubuta wa kowanne laifinsa a takarda. Ya zaɓi ɗan bawul ɗin, ya wanke shi da kananzir, ya sauya masa roba, ya ajiye a kan dandamalin tagar sito ya wuce. Da ya dawo babu shi.

Da azahar ya ji ƙara, tau! Sai wani abu ya daki kwanon rufi, sai ihun Tabarau. Ya taso da sauri ya tsaya a bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa daidai kan dokin ƙofa, bai ƙetare ba. Ƙwallo ta wuce kwando ta wuce taga. Amma hannun injin ya daki ƙarshensa da ƙarfin da ya sa akwatin duka ya yi tsalle, noti biyu suka tsinke, ludayi ya karkace.

“Mun samu sauri,” in ji Tabarau. “Saura inji.”

Auta ta daɗe tana kallon ɓarnar. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, “Ita goma sha huɗun, da take bugawa haka, ba ta karya kanta?”

Shekara huɗu yana jiran tambaya daga bakinta, ga ta ta zo a karkace. Ya karɓe ta hannu bibbiyu.

“Duba gindin silindar, can ƙarshe. Akwai wani ƙaramin sukuru, ba wancan mai jan farce ba. Shi ba ya rage gudu. Yana barin fistin ya yi gudunsa duka, sai ya rage faɗin yatsa ya isa ƙarshe, sannan ya riƙe masa iska kaɗan ta zame masa kamar matashin kai. Ƙwallo ta riga ta tashi, ba ruwanta. Matse shi.”

“Nawa?”

“Murɗa ina ji.”

Ta murɗa, Tabarau ta danna, ya karkata kai. “Ƙara kwata.” Suka sake. “Ya yi yawa, dawo da rabin abin da kika ƙara.” Haka suka yi ta yi har rana ta karkata, ita da sukundireba, shi da kunne, dokin ƙofa a tsakaninsu. A harbi na goma sha tara hannu ya tashi kamar walƙiya, ya tsaya ba ƙara, ƙwallo ta faɗa kwando ba ta taɓa baki ba. Tabarau ta yi tsalle. Auta ta yi murmushi, ta ce, “Sannu, Baba.” Sannan ta ɗauko kwalbar jan farce ta ɗiga wa sabon sukurun ma. Yanzu ɗigo biyu take dubawa da safe.

Ranar gasa suka tafi su huɗu a motar haya, injin a kan cinyoyin 'yan matan. Babban zauren wasanni ne, an raba wa kowace ƙungiya tebur, ko'ina ƙarar kwamfureso mai hura iska da warin roba. Mai Ƙofa ya bi layin tebura yana jin silindoji suna bugawa ba ladabi, yana girgiza kai, matarsa na jan hannun rigarsa kada ya je ya gyara wa abokan hamayya. Sun ci zagaye na farko. A na biyu ma sun haye da ƙwallo ɗaya. Saura na kusa da ƙarshe, da wata ƙungiya mai injin da ya ninka nasu girma.

Ana saura minti ashirin aka yi shela cewa shugabannin ƙungiyoyi da masu kwamfuta su je teburin alƙalai. Matarsa ta tafi neman ruwa. Auta ta duba hagu, ta duba dama, ta dube shi.

“Baba, tsare mana shi. Yanzu za mu dawo.”

Suka tafi. Ga shi, ga injin, ga akwatin kayan aiki a buɗe, sukundireba a sama. Kuma kunnensa ya riga ya ji wani abu a zagaye na biyu: zauren da zafi, robar ta yi laushi, matashin iskar nan na ƙarshen silinda yana neman kwatan kwata. Ba zai rage gudu ba, taimako ne tsantsa. Ɗigon jan farcen ma ya bushe, in aka murɗa kaɗan da wuya ya tsage. Hannunsa na dama ya fara ƙaiƙayi. Ya sa shi a aljihu. Hannun ya sake fitowa. Ya kama shi da na hagu. Daga ƙarshe ya jawo kujera ya zauna a kan tafukansa biyu, dattijo mai furfura, mutane na wucewa suna kallonsa. Bai taɓa sanin minti goma na da tsawo haka ba.

Da suka dawo ya miƙe da sauri, hannayensa sun yi tsami.

“Auta, ƙaramin sukurun yana son kwatan kwata. Ban taɓa ba. Faɗa miki nake.”

Ya ja baya don ya ba ta wuri ta sunkuya ta duba ɗigonta, kamar kullum. Ya kawar da kai ma, don ba ya son gani.

Ba ta sunkuya ba. Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta ɗauki sukundireba daga akwati, ta juya ta, ta miƙa masa ta wajen mariƙi.

“To yi sauri, Baba, ana kiranmu,” ta ce, ta juya baya ta shiga taya Tabarau naɗe wayar kwamfuta.

Ya karɓa. Ya durƙusa a gaban injin, ya nemi bakin sukurun bai gani ba, don idonsa ya cika da ruwa. Sai da ya goge da gefen riga sannan ya murɗa, kwatan kwata, bai ƙara ko kaɗan ba.